Allura, Ashana da Jinin Al'ada: Nazari kan Magungunan Tazarar Haihuwa a Shema da Kewayen Dutsin-Ma da Kurfi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba magungunan tazarar haihuwa masu aiki da sinadarin homon, wato ƙwaya da allura da ashanar da ake sakawa a damtse, tare da la'akari da halin da matan Shema da sauran garuruwan Dutsin-Ma da Kurfi suke ciki. Ta yi bayanin yadda magungunan ke aiki da abin da ƙididdiga ta nuna game da Jihar Katsina. Matsayar maƙalar ita ce, abin da ya fi saurin raba mace da maganin bayan ta karɓe shi shi ne canjin da yake kawowa ga jinin al'adarta, domin sallarta da azuminta da shimfiɗar aurenta da iddarta duk a kan wannan jini suke rataye. Har yanzu ba a haɗa ma'aikatan lafiya da malaman fiƙihu su amsa mata wannan tambaya da murya ɗaya ba.

1.0 Gabatarwa

Shema ɗaya ce daga mazaɓun ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, ƙasar manoma gero da dawa da wake da masu kiwo. Kurfi tana maƙwabtaka da Dutsin-Ma a kan hanyar zuwa birnin Katsina. Yankin ba baƙon ilimi ba ne: ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011. Amma kuma yanki ne da 'yan bindiga suka takura wa shekara da shekaru, kamar Safana da Batsari da Ɗanmusa, har ta kai fita daga wasu ƙauyuka zuwa asibiti sai an yi shawara da addu'a.

Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiya na 2018 ya nuna macen Nijeriya kan haifi 'ya'ya 5.3 a matsakaicin lissafi. Legas ce a ƙasa da 3.4, Katsina kuma ce a sama da 7.3. A faɗin ƙasa, kashi 12 cikin 100 na matan aure ne ke amfani da hanyar tazara ta zamani, a Katsina kuwa adadin bai kai kashi 5 ba. Binciken ya ƙiyasta mata 512 ke rasuwa a kowace haihuwa 100,000. Wanda aka sake yi a 2023 zuwa 2024 ya nuna haihuwa ta sauko zuwa 4.8 a ƙasa baki ɗaya, masu amfani da hanyar zamani kuma sun kai kusan kashi 15.

Da yawa kan karanta waɗannan alƙaluma su yanke hukunci cewa Bahaushe ba ya son tazara. Ban yarda da wannan ba. Tun kafin a san allura, abin kunya ne mace ta yi kwanika, ta ɗauki ciki da goyo a baya. Don gudun haka ne mai jego ke tafiya wanka gidan iyayenta ta daɗe, ake shayarwa kusan shekara 2 kafin yaye, ake ɗaura guru da laya, ake shan rubutu da saiwoyi. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta yi bayanin yadda mai shayarwa ke nisantar shimfiɗar miji har ta yaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta zo daga baya, a 2005, ta ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin. Buƙatar tana nan tun kaka da kakanni. Abin da ya sauya shi ne yanzu mai jego kan koma ɗakinta da an yi arba'in, shayarwa kuma ba ta tsare ciki sai da sharuɗɗa uku a tare: jariri bai wuce wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada kuma ba ta dawo ba. A gidajenmu kuwa tun makon farko ake ɗura wa jariri ruwa.

2.0 Yadda Homon ke Hana Ɗaukar Ciki

Homon saƙo ne na sinadari da wata gaɓa ke zubawa cikin jini don ta umarci wata gaɓar da ke nesa da ita. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar gaɓa mai suna fituwitari da ke sakin homon biyu, FSH da LH. Na farko ne ke sa ƙwai ya nuna a ma'ajiyarsa, na biyu kuma idan ya yi tashin gaggawa a tsakiyar wata shi ke sa a saki ƙwan. Ma'ajiyar ƙwai ita ma tana fitar da nata biyu, istirojin da furojestaron, masu kauraro da bangon cikin mahaifa don tarbar ciki. In ciki bai shiga ba sai su ja baya, bangon ya zube, shi ne jinin al'ada. In ya shiga sai furojestaron ya ci gaba da yawa, ƙwaƙwalwa ta daina ba da umarnin sakin wani ƙwan.

Wannan dabara ta mai ciki ce masana suka ara. Ludwig Haberlandt na ƙasar Ostiriya ya nuna a 1921 cewa zomanya ba ta ɗaukar ciki idan aka dasa mata ma'ajiyar ƙwan wata mai ciki. A 1951, a birnin Meziko, Carl Djerassi da Luis Miramontes da George Rosenkranz suka haɗa furojestin, wato kwaikwayon furojestaron, da ake iya haɗiya, tushensa kuwa wata doyar daji. Gregory Pincus da John Rock suka gwada wata ƙwaya mai makamancin wannan sinadari a kan talakawan matan Puerto Rico daga 1956, ba tare da an yi musu cikakken bayanin haɗarinta ba, aka amince da ita a Amurka a 1960 da sunan Enovid. Waccan tana ɗauke da maikurogiram 150 na istirojin. Microgynon da ake bayarwa a asibitocinmu yau 30 take ɗauke da shi.

Aikin magungunan uku ne: su hana sakin ƙwai, su kaurara yauƙin bakin mahaifa yadda maniyyi ba zai ratsa ba, su kuma sirantar da bangon cikin mahaifa. Ba sa zubar da cikin da ya riga ya shiga. Ko Postinor-2 da ake saye a kemis bayan saduwa, jinkirta sakin ƙwai take yi, shi ya sa ake son a sha ta cikin awa 72.

Ƙwaya kullum ake shan ta, kuma saboda mantuwa, mata kusan 7 cikin 100 kan yi ciki a shekarar farko. Allurar Depo-Provera ta wata 3 ce, Noristerat ta wata 2, masu samun ciki a kansu kusan 4 ne cikin 100, galibi don an makara zuwa sabuntawa. Ashana ta fi su duka tsaro, kusan mace 1 cikin 1,000. Implanon tsinke ɗaya ce mai tsawon santimita 4, tana aiki shekara 3, Jadelle tsinke biyu ce ta shekara 5. Ma'aikaciya kan wanke cikin damtsen hannun da mace ba ta cika aiki da shi ba, ta yi allurar kashe zafi, ta zura tsinken a ƙarƙashin fata, sannan ta kama yatsan matar ta ɗora a wurin don ta taɓa ta ji yana nan. Aikin 'yan mintoci ne.

Akwai waɗanda wasu daga ciki ba su dace da su ba. Ƙwaya mai istirojin haɗari ce ga mai hawan jini mai tsanani, da wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, da mai ciwon kai na ɓari ɗaya da ke zuwa da rikicewar gani, da mai jegon da ba ta kai mako 6 ba. Rifampicin na tarin fuka da wasu magungunan farfaɗiya suna rage ƙarfin ƙwaya da ashana. Wannan ne ya sa sayen ƙwaya a kemis ba tare da an auna jini ba yake ba ni tsoro.

3.0 Jini, Ibada da Zaman Aure

Nan ne zuciyar wannan maƙala. Binciken 2018 ya gano cewa kusan 4 cikin kowane 10 na waɗanda suka fara wata hanyar tazara sun bar ta kafin shekara ta zagayo, kuma allura da ƙwaya ne aka fi bari. Wasu don suna son ciki ne, ba laifi. Wasu kuwa illa ce ta kore su, kuma illar da ta fi yawa a allura da ashana ita ce rikicewar al'ada. Dalilin a fili yake. Furojestin shi kaɗai yana barin bangon mahaifa siriri, ƙananan jijiyoyinsa masu saurin fashewa, ga shi babu hawa da saukar homon da ke tsara wata. Sai jini ya riƙa ɗigowa yau, ya ɗauke jibi, ya dawo bayan kwana 4, wani lokacin ja, wani lokacin ruwan ƙasa-ƙasa. Ga mai allurar wata 3, kusan rabin mata al'ada kan ɗauke musu ɗungurungum in sun shekara a kai. Ga mai Implanon, kusan 1 cikin 5 kan daina gani, kusan 1 cikin 5 kuma jinin kan yi musu tsawo.

A likitance wannan ba cuta ba ce, shi ya sa amsar da mace kan samu a asibiti ba ta wuce "ba komai, zai daidaita." Gaskiya aka faɗa mata, amma ba abin da ta tambaya ke nan ba. Ita so take ta san ko ta yi sallar la'asar.

A mazhabar Malikiyya, wadda a kanta aka yi karatun zaure a ƙasar Katsina, ko ɗigo ɗaya haila ne ta fuskar ibada, haka ma ruwan fatsi-fatsi da mai ƙasa-ƙasa a mashhurin zance. Wadda ta saba da kwanakinta, in jini ya zarce, takan ƙara kwana 3 a kan mafi tsawon al'adarta muddin ba ta wuce 15 ba, daga nan ta zama mai istihala: ta yi wanka, ta yi salla, ta yi azumi, mijinta ya kusance ta. In jinin yana yankewa yana dawowa, kwanakin jinin kawai za ta harhaɗa, ranar da ya ɗauke ta yi wanka ta yi ibadarta. Mafi ƙarancin tsarki tsakanin haila biyu kwana 15 ne. Ƙarin kwana 3 da harhaɗa kwanakin jini suna cikin littafin Ahalari da ake karantar da yara.

Mu ɗauki mace mai al'adar kwana 6 da aka sa wa ashana ana saura mako 2 a kama azumi. Ran 3 ga Ramalan ta ga ɗigo da hantsi, azumin ranar ya tafi. Washegari babu komai, ta yi wanka ta ɗauka. Ran 6 da ran 7 ya dawo. Haka za ta yi ta lissafi, tana tara kwanakin jini har su cika 9, sannan abin da ya biyo baya ya zama jinin cuta. Lissafin mai yiwuwa ne ga wadda aka koya mata. Wadda ba a koya wa ba, ko dai ta ajiye salla mako 3 tana jin ta yi nisa da Ubangijinta, ko ta yi tana shakka. Ga wankan tsarki sau da yawa a mako, a gidan da ake sayen ruwa jarka-jarka. Ga miji da aka ce masa yau ma babu hali, har kwananta ya zagayo ya wuce sau uku. Idan kuma ba da saninsa ta je asibiti ba, jinin ne zai tona ta. Wace mace ce za ta jure wannan wata 6 a kan "zai daidaita"?

Akwai kuma tambayar da ta fi ƙarfin ma'aikaciyar jinya, ta fi ƙarfin mai wannan maƙala. Muhtasar na Shehu Halil ya sa sharaɗi a ma'anar haila cewa jinin da kansa ya fito, kuma masu sharhi sun tattauna hukuncin jinin da magani ya jawo kafin lokacinsa. Shin ɗigon da ashana ke haddasawa yana shiga wannan babi? Malamai ne za su yanke, amma ba za su yanke daidai ba sai likita ya zauna ya zayyana musu daga ina jinin ke fitowa da abin da ke sa shi.

Ɗaukewar al'ada ma da nata nauyin. Ana yawan cewa jinin taruwa yake a ciki ya zama ƙulli, ko mahaifa ta ƙone. Babu jinin da ke taruwa, bangon ne bai kauraro ba balle ya zube, kuma ga mace mai ƙarancin jini wannan hutu ne. Sai dai tsoron yana da abin da ya jingina da shi. Bayan barin Depo-Provera ciki kan yi jinkiri, a matsakaici kusan wata 10 daga allurar ƙarshe, wasu fiye da shekara. Ashana ba ta haka, ana cire ta haihuwa ke dawowa. Matar da kishiyarta ta haihu, dangin miji suka fara kallon cikinta, wata 10 ba ƙaramin lokaci ba ne a wurinta, kuma haƙƙinta ne a gaya mata wannan kafin a tsira mata allurar. Sannan ga idda. Sakakkiya da tsarki uku take ƙirga iddarta, wadda kuwa haila ta ɗauke mata ba don shayarwa ba, mashhurin mazhaba shi ne ta jira wata 9 ta ƙara 3. A al'ummar da saki ba baƙon abu ba ne, allurar da aka yi wata ɗaya kafin rabuwa tana iya tsare mace daga sabon aure tsawon lokaci. Wannan ma mas'ala ce da ke jiran malamai.

Ga jinin da ya dami mace akwai abin yi. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambaci ibuprofen ko mefenamic na kwana 5, ko ƙwaya mai istirojin na ɗan lokaci ga wadda ta dace da ita, da maganin ƙarin jini, da sauya hanya in abin ya ƙi. In jinin ya yi yawa ƙwarai ko ya zo bayan saduwa, sai a bincika ko wata cuta ce daban.

4.0 Zargi da Amana

Zargin cewa ana son a ƙarar da mu bai faɗo daga sama ba. Manufar yawan jama'a ta 1988, zamanin Janar Babangida, ta ambaci 'ya'ya 4 ga kowace mace, aka ɗauke ta a Arewa a matsayin ƙayyadewa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, 11 daga yaran gwajin suka rasu, aka yi shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da Zamfara da Kaduna bisa zargin an sa masa sinadarin hana haihuwa, Kano ba ta dawo ba sai a Yulin 2004. Elisha Renne, wadda ta yi bincike a Zariya, ta bi diddigin wannan a littafinta na 2010. Kuma Pfizer ɗin ne ke yin allurar Depo-Provera da ta Sayana Press. Mutumin da ya san wannan ya yi tambaya, amsa ya cancanta, ba tsawa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma duk illar da aka ɓoye wa mace ta gano da kanta tsaga ce.

Ta fuskar halacci kuwa maganar ta daɗe da fitowa. Alƙur'ani ya ambaci shayarwa ta shekara 2 a Suratul Baƙara, aya ta 233. Hadisin Jabir ya tabbatar sahabbai suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, a zamanin Manzon Allah (SAW), Malikiyya kuma suka sharɗanta yardar matar. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disambar 1988, ta hana gwamnati kafa dokar ƙayyade haihuwa, ta haramta kashe haihuwa gaba ɗaya sai da larura, ta kuma halatta tazara ta ɗan lokaci bisa shawara da yardar ma'aurata, in babu cutarwa.

5.0 Isar Magani ga Mai Buƙata

Tun 2011 Gwamnatin Tarayya ta ce kayan tazara kyauta ne a asibitocin gwamnati, a 2014 kuma aka ba ma'aikatan lafiya na matakin farko damar saka ashana bayan horo. Amma kayan sun dogara ƙwarai da tallafin waje, kuma rufe hukumar USAID da Amurka ta yi a 2025 ya nuna haɗarin wannan dogaro. A ƙauyen da hanya ba ta da tabbas, Sayana Press ta fi dacewa: 'yar robar matsawa ce da gajeriyar allura a haɗe, mace ta girgiza, ta haɗe bakin, ta tsira a cinya ko a fatar ciki, ta matse a hankali. An amince mace ta yi wa kanta bayan an koya mata, ta tafi gida da na gaba. Ashana kuwa sharaɗinta a tabbatar akwai mai cirewa. Duk matar da ta zo a cire mata, a cire a ranar, ba tare da ja-in-ja ko neman kuɗi ba. Wadda aka hana sau ɗaya za ta hana mata goma zuwa. Matan da aka yi wa aikin yoyon fitsari a asibitin Babbar Ruga, inda Dakta Kees Waaldijk ya shafe shekaru yana aiki, suna cikin waɗanda suka fi kowa buƙatar hutun da babu yankewa.

6.0 Kira

Ƙididdigar ƙasa a matakin jiha take tsayawa. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ce ta fi cancanta ta sauka mazaɓa-mazaɓa, daga Shema da Karofi zuwa Birchi da Wurma, ta tambayi matan da suka bari me ya sa suka bari, kuma mata ne za su yi tambayar, don ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Hukumar lafiya a matakin farko ta jiha ta wajabta cewa ba a yi wa mace allura ko a sa mata ashana sai an gaya mata abin da zai sami al'adarta, da jinkirin da ke bin allura, da ranar da za ta dawo in jini ya dame ta. A riƙa yin wannan bayani tun a wurin awo da ranar rigakafi, a kuma nemi mazan a majalisu da masallatai, domin rabin wahalar mace a nan ɓoyo ne.

Babban roƙona ga malamanmu na zaure da na Islamiyya, musamman malamai mata, da likitoci da ungozomomin Dutsin-Ma da Kurfi: ku zauna wuri ɗaya, likita ya yi bayanin jinin, malami ya ba da hukuncinsa a salla da azumi da idda, a rubuta shi a takarda ɗaya da Hausa, boko da ajami, a ajiye a kowane ɗakin tazarar haihuwa da kowace makarantar matan aure. A yi ƙoƙari takardar ta isa hannunsu kafin azumi mai zuwa.